Adar, Dawar Dajin Dindir: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A filayen baƙar laka da suka shimfiɗu daga Jazira zuwa Gadarif, har su gangara iyakar Sudan da Habasha, akwai wata doguwar ciyawa da ba manomin da ke marhabin da ita. Sudanawa suna kiranta adar. A ƙasar Hausa akan ce dawar daji, wasu kuma dawar rafi. Tana tsirowa tare da dawa, ganyensu iri ɗaya, karansu iri ɗaya, ba ka iya bambanta su da kyau sai sun fitar da kai. A lokacin kuwa ta riga ta sha ruwan gona ta ci takinta. Wannan ciyawa ita ce asalin duk dawar da ake nomawa a duniya, daga kaura da farafara na Kano da Katsina zuwa fatarita ta Sinnar. Ɗaya daga cikin manyan wuraren da har yanzu take rayuwa da kanta, ba garma ba maganin feshi, shi ne gandun dajin Dindir da bakin kogunansa, inda ƙauyukan Hausawa suka daɗe da kafuwa.

Mece ce adar, kuma me ya raba ta da dawar gona?

Masana tsirrai suna lissafa ta a jinsi ɗaya da dawar gona, wato Sorghum bicolor, sai dai suna ware ta a matsayin reshen daji. Sun kasa reshen gida huɗu bisa kamanni da muhalli: akwai mai son dausayi da bakin kurmi, akwai ta filin ciyawa, akwai siririya ta bakin Nilu da wuraren ƙarancin ruwa, akwai kuma wadda ta fi yawa a lakar gabashin Sudan. Dukkansu suna iya barbara da dawar gona su haifar da iri mai tsirowa.

Babban bambancin yana a zangarniya. Kan adar a buɗe yake, rassansa a warwatse, tsabarta ƙanana a lulluɓe cikin ɓawo mai kauri, sau da yawa da gashi. Da zarar tsabar ta nuna sai ta kakkaɓe ta zube ƙasa, iska kaɗan ta ishe ta. Dawar gona kuwa tana riƙe tsabarta har mai gona ya zo da lauje. Wannan riƙewar ita ce abin da mutanen farko suka zaɓa, shekara bayan shekara, har ciyawa ta zama hatsi. Amma abin da ya amfani manomi ya mayar da dawar gona mai dogaro da mutum. In ba a girbe ta an sake shukawa ba, ba ta daɗewa a daji. Adar ba ta jiran kowa. Tsabarta kan kwanta a tsagar laka, wani kaso ya tsiro bana, wani ya jira baɗi ko bayan baɗi, saboda haka fari na shekara guda ba ya ƙarar da ita.

Shaidar da aka tono daga ƙasa

Maganar cewa gabashin Sudan na cikin mahaifar dawa ba zato ba ce kawai. A Nabta Playa, can kudancin Masar, an tono tsabar dawar daji da mutane suka tara suka ci kimanin shekaru 8,000 ko fiye da suka wuce, tun wurin bai zama hamada ba. A 2017 kuma Frank Winchell da Dorian Fuller da abokan aikinsu suka wallafa binciken da suka yi a kan fasassun tukwane daga wani tsohon mazauni kusa da Khashm al-Girba, a yankin kogin Atbara. Magina tukwanen sun riƙa cuɗa yumɓu da ƙaiƙayin dawa, sai siffar ƙaiƙayin ta zauna a jikin kaskon bayan an gasa shi. Da aka duba da madubin ƙara girma, sai aka ga iri biyu a gauraye: mai alamar kakkaɓewa da kansa, da mai alamar sai da aka sussuka shi. Wato kimanin shekaru 3,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen wurin suna tsakiyar aikin mayar da adar dawa.

Daga wannan yanki dawa ta bazu yamma har ƙasar Hausa da Mali, ta ƙetare teku zuwa Indiya. Bahaushen da ya taso daga Sakkwato ya zauna a bakin Dindir da ƙullin irinsa, bai sani ba, ya dawo da dawa kusa da inda ta fito ne.

Gandun Dindir: yadda wurin yake

An kafa gandun a 1935, zamanin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, bayan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka da aka ƙulla a Landan a 1933. Faɗinsa a yau ya ɗan haura murabba'in kilomita 10,000, ya taɓa jihohin Sinnar da Gadarif da Shuɗin Nilu. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin keɓaɓɓun wuraren halittu a 1979, sannan a 2005 ya shiga jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. A ɗaya ɓangaren iyaka, Habasha tana da gandun Alatish, wanda yake manne da shi.

Koguna biyu ne ke riƙe da ransa, Dindir da Rahad. Duka biyun daga tsaunukan Habasha suke gangarowa, su cika su tumbatsa da damina, sannan da rani su koma yashi da 'yan kududdufai nan da can. Masana sun raba gandun zuwa muhalli uku. Mafi girma shi ne dajin laka, inda itacen dushe, wanda ake kira talha a can, da aduwa suka fi yawa, ƙarƙashinsu kuma doguwar ciyawa da kan fi mutum tsawo a ƙarshen damina. Cikin wannan ciyawar dangin dawa suna da babban rabo. Na biyu shi ne bakin kogi, mai goruba da kurna da tsamiya da gabaruwa. Na uku shi ne abin da mutanen wurin ke kira maya, wato tafkunan da kan samu idan kogi ya sauya hanya ya bar tsohon lanƙwasarsa a baya. Maya kan cika da ambaliya, ta riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe. Nan ɓauna da gwambaza da kwanta-rafi da gadu ke taruwa, zaki kuma na biye da su.

Wanda ya san firgin Barno, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye, ya san irin wannan ƙasa. Da damina ta kumbura ta yi danƙo, mota ba ta shiga. Da rani ta tsage har hannu ya shige. Tsiron da ya rayu dubban shekaru a irin wannan wuri ya saba da kwanciyar ruwa na watanni, ya kuma saba da ƙishirwa ta watanni, ga zafin da kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu.

To, tana cikin haɗari ne ko kuwa?

A nan ya kamata a yi magana a fili, domin mai gona a Gadarif zai yi mamaki in ka ce masa adar na bukatar kariya. A matsayin jinsi, dawar daji ba ta kusa ƙarewa ba. Tana nan daga yammacin Afirka har kudancinta, a wasu gonakin ma ta fi ƙarfin masu su. Abin da ke salwanta shi ne bambancin da ke tsakanin wannan gungu da wancan. Adar da ta girma a gefen wata maya a Dindir ba daidai take da ta bakin kogin Kaduna ba, kamar yadda kaura ba farafara ba ce. Kowane gungu yana ɗauke da gadon da muhallinsa ya tace: wani ya iya jure wuta-wuta, wani ya iya jure wata cutar ganye, wani ya iya fitar da kai da wuri kafin ruwa ya ɗauke. Idan aka nome fili guda gaba ɗaya, ko maya ta cike da yashi ta mutu, gungun ya tafi da abin da ya ƙunsa, alhali jinsin yana nan a littafi a matsayin wanda ba ya cikin haɗari.

Akwai wata asara kuma da ba a gani da ido. Adar da ke cikin gonaki ta sha barbara da dawar gona, domin iska na ɗaukar bununi daga wannan kai zuwa wancan. Yawancin abin da manomi ke cirewa yana tsaki ruwa-biyu ne. Ainihin ta daji, wadda ba ta gauraya sosai ba, sai a wurin da gona ta yi nisa. Irin wannan wuri kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai a lakar Sudan, shi ya sa Dindir ke da muhimmancin da ya wuce na zaki da ɓauna.

Matsalar ba ta dawa kaɗai ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya duba dangin daji 1,076 na amfanin gona 81, ya gano cewa kusan kashi 29 cikin ɗari ba su da ko samfuri guda a rumbunan adana iri na duniya, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari suna bukatar a gaggauta tattara su. A Sudan ɗin ma, a 2021 masana suka nuna cewa wata gunar daji ta Kurdufan, mai farin ciki marar ɗaci, ita ce mafi kusanci da kankanar da muke sha.

Me aka taɓa samu daga irin wannan ciyawa?

A 1909 wani masanin ma'aikatar gona ta Amurka, Charles Piper, ya karɓi ɗan ƙullin tsaba daga Khartum. Daga wannan ƙulli aka samu ciyawar kiwo da har yau ake kira da sunan Sudan a ƙasashe da dama, kuma masana na ganin asalinta barbara ce tsakanin dawar gona da ta daji. A 1968 wani ƙwaro dangin darɓa ya afka wa gonakin dawa a Amurka ya yi ɓarna mai yawa. Cikin hanyoyin farko da aka samu na jure masa akwai wadda ta fito daga siririyar dawar daji ta arewa maso gabashin Afirka. Manoman da suka amfana ba su taɓa jin sunan Dindir ko Rahad ba.

Mu ma a nan muna da bukatar da ta fi tasu. Wuta-wuta, da Sudanawa ke kira buda, tana cinye gonar dawa daga Maraɗi har Gadarif. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ya fitar da irin Hajin Dura 1 a Sudan a farkon shekarun 1980, ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2009 saboda aikinsa kan dawa mai jure fari da wuta-wuta. Masu irin wannan aiki, a Wad Madani ne ko a Samarun Zariya ko a cibiyar ICRISAT, ba sa ƙirƙirar juriya daga babu. Nemo ta suke yi a jikin tsiron da ya riga ya mallake ta, su shigar da ita cikin irin da manomi ke so. Dawar daji ta zauna da wuta-wuta tun kafin a fara noma, don haka nan ne wurin nema.

Abin da ke matse gandun

Noman inji ya fara a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, ya bunƙasa bayan kafa hukumar noman inji a 1968. Aka riƙa yanka gonaki masu faddan dubu ko fiye, a tumɓuke itatuwa, a shuka dawa ko riɗi shekara da shekaru har ƙasa ta gaji, sannan a matsa gaba. Da yawa ma ba tare da izinin hukuma ba. A hankali gonakin suka kewaye gandun.

Sakamakon ya zo ta fuska biyu. Da can namun daji kan fita daga gandun da damina, su bar laka mai danƙo su hau wurare masu tudu, su dawo da rani. Da gonaki suka cinye waɗannan wurare, sai dabbobi irin su raƙumin dawa da dari suka ɓace daga Dindir. Makiyaya ma burtalinsu da makiyayarsu suka shiga cikin gonaki, ba su da inda za su nufa da rani sai cikin gandun, inda maya ke da ruwa. Shanu da tumaki dubbai a kan maya guda suna cinye ciyawa, su tattake abin da ya rage.

Sai wuta. Kusan kowace shekara gobara kan ci babban ɓangare na gandun, daga masu neman zuma, ko mafarauta, ko makiyaya masu son sabon toho. Lokacin wutar shi ne abin lura. In ta zo bayan tsaba ta zube ta shige tsagar laka, da yawa kan tsira. In ta zo da wuri, kai bai gama nuna ba, irin shekarar ya tafi. In haka ta maimaitu, ciyawar da ke jure wuta ce ke maye gurbin wadda ba ta jurewa. Ƙasar da wuta ta tsiraita kuma ruwan farko kan kwashe ta ya zuba a mashigar maya, mashigar ta toshe, ambaliya ta daina isa. Mayoyi da dama sun riga sun ƙafe ta wannan hanya.

Fari da yunwar 1984 zuwa 1985 sun ƙaro jama'a daga yammacin Sudan zuwa bakin Rahad, aka samu sababbin ƙauyuka da ƙarin bukatar itace da gawayi da fili.

Ina Hausawa a cikin wannan lamari?

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan yanki na Sudan. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ajiye mutane a Sudan, sannan bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, wajen 1906. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, hannun 'yan yammacin Afirka ya yi aiki mai yawa a ciki. Daga nan ƙauyuka suka yaɗu a bakin Nilu da Dindir da Rahad. An san su da su, da kuma noman gaɓar kogi bayan ruwa ya janye, wanda ake kira juruf, inda suke shuka kayan lambu da wake da masara.

Gaɓar kogi kuwa tana cikin wuraren da dawar daji ta fi so. Don haka manomin juruf ya fi kowane jami'i sanin inda take, da watan da take fitar da kai, da wadda ke son ruwa da wadda ke son tudu. Ya san ɗanyen tohonta na iya kashe dabba kamar yadda gyauron dawa ke yi, musamman in fari ya taɓa shi.

A ganina kuskure ne babba a ɗora wa ƙaramin manomi laifin abin da tarakta ta yi. Mai faddan biyu a bakin kogi ba shi ya share dajin Gadarif ba. Kuma ba wanda zai ce masa kada ya cire adar daga cikin dawarsa, haƙƙinsa ne, abincin iyalinsa ne. Abin da za a iya nema a wurinsa shi ne gefen ƙorama da bakin maya da kan iyakar gona, inda ciyawar ba ta cutar da kowa. Amma mutum ba ya kula da ƙasar da ake ce masa kullum ba tasa ba ce. Rikicin 2022 a jihar Shuɗin Nilu, wanda ya ci rayukan ɗaruruwan mutane ya raba dubban Hausawa da gidajensu, tushensa maganar ƙasa da sarauta ce. Duk shirin kare muhalli da ya tsallake wannan tambaya zai tsaya a takarda.

Yaƙi da rumbun iri na Wad Madani

Kafin yaƙin 2023, Sudan tana da rumbun adana iri na ƙasa a Wad Madani, ƙarƙashin hukumar binciken aikin gona. An tara dubban samfura a cikinsa cikin shekaru da dama: dawa, gero, riɗi, kuɓewa, guna, da danginsu na daji. Sudan da Najeriya duka suna cikin ƙasashen da suka shiga wani shirin duniya na tattara dangin daji na amfanin gona, wanda Norway ta ɗauki nauyinsa daga 2011, tare da Crop Trust da lambun Kew na Ingila.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, lokacin da dakarun RSF suka kama garin. Ma'aikata suka gudu, wuta ta ɗauke, aka wawashe na'urorin sanyaya iri. Iri kuwa ransa a sanyi da bushewa yake. A tsakiyar 2024 yaƙin ya kai Sinja da garin Dindir kansa, kafin sojoji su karɓe Dindir a Oktoba, Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairun 2025.

Abin da ya rage asarar shi ne kwafin da aka riga aka kai Svalbard, rumbun da Norway ta haƙa cikin dutse a wani tsibiri mai ƙanƙara ta buɗe a 2008, inda ake ajiye iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Ko a Fabrairun 2025, yaƙi na ci, Sudan ta sake kai wani kaso da ya haɗa da nau'o'in dawa masu yawa. An taɓa ganin amfanin wannan tanadi: a 2015 cibiyar ICARDA, wadda yaƙin Siriya ya raba da rumbunta na Halab, ta karɓo irinta daga Svalbard ta sake shuka shi a Labanan da Maroko.

Sai dai irin da ke cikin ƙanƙara ya tsaya ne a ranar da aka tsinke shi. Ba ya haɗuwa da sabon ƙwaro, ba ya ɗanɗana damina mai gajarta. Wanda ke tsaye a gefen maya shi ne ke fuskantar zafin bana, ya mutu ko ya rayu, wanda ya rayu ya bar wa na gaba. Rumbu da daji kowanne na yin aikin da ɗayan ba ya iyawa, kuma a halin da Sudan ke ciki duka biyun sun raunana a lokaci guda.

Abin da aikin ke bukata a ƙasa

Gandun Dindir an kafa shi ne don dabbobi, masu gadinsa 'yan sandan namun daji ne, horonsu na kama mafarauci da korar garke ne. Ana ƙidaya ɓauna da zaki, ciyawa kuwa ana ɗaukarta abincin dabba kawai. Matakin farko shi ne a san inda gungun dawar daji suke, a zana taswirarsu, a sa su cikin tsarin kula da gandun, musamman wajen tsara lokacin ƙona daji da yashe mashigar maya.

Tattara irin kuma yana da wata wahala ta musamman. Adar tana nuna ne a ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kuma ba ta nuna gaba ɗaya: saman kai ya zube tun ƙasansa na ɗanye. A daidai wannan lokacin laka ba ta gama bushewa ba, hanyoyin gandun ba sa biyuwa da mota sai wajen Disamba. Kafin masani ya iso daga Wad Madani ko Khartum, tsaba ta riga ta faɗi. Ana kuma bukatar a tsinka daga tsirrai masu yawa a wuri guda, kaɗan daga kowanne, a sa a jakar takarda ko ta yadi ba ta leda ba, a shanya a inuwa, a rubuta sunan wurin da irin ƙasarsa. Waɗanda ke kusa a wannan watan, masu isa wurin da ƙafa ko jaki ko kwalekwale, su ne mazauna ƙauyukan bakin Dindir da Rahad, kuma aiki ne da ya kamata a koya musu a biya su a kansa.